Tanderun Baba da Maganar Dauda

Gidan Burodin Bege,
Unguwar Television, Kaduna.
Oktoba, 1987.

Zuwa ga Yayana Matthew,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Judith da yara. Ina roƙon Allah ya tsare ka a wurin aiki, ya kiyaye ku daga zazzaɓin Warri da wannan ruwan saman da ka ce ba ya ɗaukewa. Mu ma nan lafiya, sai godiya. Kumburin ƙafar Baba ya ɗan sauka, yana takawa da sanda har bakin ƙofa, amma coci kam sai an kai shi a mota. Mama tana nan da ƙarfinta, ba ta fashin zumuntar mata. An mai da maigidana Shekari koyarwa a makarantar Narayi, kullum ya dawo sai ya yi kukan hanya, ya ce babur ɗinsa ya tsufa a damina ɗaya. Ruwa ya fara ja da baya, sabuwar masara ta shigo kasuwa.

Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, sa'an nan na nemi wuri na zauna na sake karantawa. Ka ce labari ya iske ka cewa na kori Dauda, na rushe tanderun da Baba ya gina da hannunsa, na mai da gidan burodi gidan niƙa, na kuma ɗora mace a kan maza. Na san Dauda ne ya rubuta maka, ban kuwa ga laifinsa ba, tare kuka tashi, in bai kai kukansa wurinka ba wurin wa zai kai? Amma ka ji ɓangare ɗaya, Yaya. Ka yi haƙuri ka ji nawa, ko da zai yi tsawo. Hankalina ba a kwance yake ba, in ka ga rubutun yana hawa da sauka, to haka zuciyar take.

Ka san tun farkon shekara gwamnati ta hana shigo da alkama. A rediyo magana ce ta minti ɗaya, a wurinmu kuwa rayuwa ce gaba ɗaya. Fulawar da a da dila ke kawo mana har bakin ƙofa yana roƙon mu ƙara buhu, sai ga ni ina tsallaka kogi da kaina, ina bin shaguna a cikin gari, wannan ya ce in dawo jibi, wancan ya ce ya riga ya yi wa wani alkawari. In na samu, tsadarta ta sa ka rasa yadda za ka yanka burodin. Ga shi kuma masaƙun Kakuri suna rage ma'aikata, su ne kuwa masu cin burodinmu. Mutumin da a da zai sayi babba ya kai gida, yanzu sai ya tsaya wurin mai shayi ya ce a yanka masa rabin ƙarami. Tanderu biyu gare mu, ka sani, tsohon na Baba da sabon da aka gina bayan aurena. Kafin Ista na daina hura tsohon, domin babu abin da za a sa a ciki. Ya yi sanyi har kajin maƙwabta suka mai da shi wurin saka ƙwai.

Da farko na yi abin da kowa ke yi, wato haɗa fulawa da garin masara. Dauda shi ne shugaban masu kwaɓi tun ina makarantar firamare, don haka shi na sa ya gwada. Ya gwada, amma fuskarsa kamar wanda aka sa ya tone kabari. Burodin ya fito da nauyi, bai tashi ba, in ya kwana sai ya riƙa marmashewa. Malam Haladu, mai shayin nan na bakin ƙofar masaƙa wanda yake karɓar burodinmu tun zamanin Baba, ya zo da kansa da kofi a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya gutsuri burodin ya tsoma a shayin, muna kallo ya narke ya koma kamar fate. Ya ce mini shi ba zai bar mu ba saboda Baba, amma masu shan shayinsa ba su san Baba ba. Da ya tafi, Dauda ya wanke hannunsa ya ce bai yi shekarun nan yana koyon sana'a ba don a ƙarshe ya riƙa gasa tuwo a gwangwani. Yaran suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na ga idonsa, ba wasa yake yi ba.

Bayan wannan na tara kowa a gindin mangwaron bayan gida, masu kwaɓi, masu gashi, matan da ke naɗe burodi a leda, da Alexander direbanmu. Ban ɓoye musu kome ba. Na ce fulawar da nake iya samowa ba za ta wuce aikin rabinsu ba, kuma ban san ranar da za ta dawo ba, wanda duk ya ce musu ya sani ƙarya yake yi. Na ce hanya biyu ce: ko in sallami rabi in riƙe rabi, ko kowa ya zauna, amma kowa ya yarda ya koyi aikin da ba nasa ba, mu nemi wani abin da za mu gasa wanda ba ya jiran alkama. Na ce ni ta biyun nake so, amma ba zan iya ita ni kaɗai ba. Alexander ne ya fara buɗe baki, ya ce motarsa tana kai burodi hanyar Kachia tana dawowa wayam, me zai hana ta riƙa dawowa da masara da gyaɗa daga ƙauye, inda suka fi araha. Rakiya, wata bazawara daga unguwar Nasarawa da ke cikin masu naɗe burodi, ta ce ita dai duk abin da aka sa ta za ta yi, in dai ba zaman gida ba. Ɗaya bayan ɗaya suka amince. Dauda kaɗai ya ce sai ya ji ta bakin Baba tukuna.

A nan matsalar take, Yaya, kuma ita ce nake so ka gane. Shekara uku ke nan da Baba ya ba ni makullin wurin nan, amma makulli kawai ya ba ni. In na ce a yi kaza da safe, kafin la'asar wani ya bi ta gida ya gaishe da Baba, ya saka masa magana a kunne, sai gobe in iske an ce Baba ya ce a dakata. Baba kuwa ba ya ganin layin fulawa, ba ya ganin burodin da ake dawo mana da shi. Abin da ya sani shi ne burodin Bege na dā, wanda in an fito da shi ƙanshinsa ke kaiwa har titi. Lokacin da abubuwa ke tafiya daidai na haƙura da wannan, ban taɓa ɗaga murya ba. Amma a irin wannan shekara, wurin da ke da kai biyu ba zai kai Kirsimeti ba.

Muka shiga gwaji. Na lura cewa gefen burodin masarar da ya ƙone ya yi ƙaras-ƙaras shi ne yaran unguwa ke wawa a kai, sai na ce to mu daina tilasta wa masara ta zama burodi, mu yi biskit da ita. Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi. Na farko ya fito kamar tsakuwa, Alexander ya ce a ajiye masa ya riƙa tare tayar mota da shi. Na biyu ya watse tun a faranti. Mazan suka fara zamewa, wannan ya ce cikinsa, wancan ya ce ana nemansa a gida. Rakiya ce ta tsaya tare da ni a bakin wuta, muna ragewa muna ƙarawa, har muka kai ga haɗin da ya tsaya: masara, gyaɗa, fulawa kaɗan don ta riƙe shi, sukari, da cittar gida. Mun sa masa suna Mai Citta. Ba zan ce maka ya kai burodi daɗi ba, bai kai ba. Amma yana da araha, yana riƙe ciki, ba ya lalacewa da wuri. 'Yan makaranta suka karɓe shi, masu talla a Sabon Tasha suka fara zuwa da kansu, ma'aikatan masaƙa ma suna saye su zuba a aljihu kafin su shiga aiki.

Da na ga ya fara tafiya, sai na raba aikin gida biyu. Burodi yana hannun Dauda kamar kullum, ban taɓa masa shi ba. Biskit na ba Rakiya, domin ita ta san shi tun daga tushe. Tun da tanderu ɗaya muke hurawa, kuma biskit ya fi yawa yanzu, sai na ce ita za ta riƙa tsara lokacin da kowa zai sa kayansa. Wannan ne ya ɓata kome. Samarin da Dauda ya koya wa aiki suka ƙi karɓar magana daga bakinta, in ta ce a ƙara itace sai su dubi Dauda, shi kuwa ya dubi rufin ɗaki. Na kira shi gefe, na yi masa magana da ladabi irin na ƙanwa, na ce in ya ba ta girmanta yaran za su bi. Ya ce shi ya goya ni a bayansa, bai taɓa zaton zai ga ranar da zai nemi izinin mai naɗe leda kafin ya buɗe tanderu ba. Na ce ba izini ba ne, tsari ne. Ya ce duk ɗaya ne. Ana cikin haka wani gidan burodi a Nasarawa, wanda ke samun fulawa ta hanyar da ba wanda ke tambaya, ya aiko masa ya zo ya yi musu aiki. Ranar wata Asabar ya gama gashinsa tsaf, ya share wurinsa, ya rataye rigar aikinsa a ƙusa, ya ce in gaishe masa da Baba. Samari biyu suka bi shi. Ban kore shi ba, Yaya. Na bi shi har bakin titi ina roƙonsa, mutanen unguwa shaida ne.

Yanzu maganar tanderu. Masararmu a kasuwar Kakuri muke niƙa ta, sai a yi rabin yini a layi. Wata rana mai injin ya niƙa wa wata mata barkono kafin mu bai wanke ba, muka gasa biskit ɗin yini guda da ba mai iya ci, sai aladun maƙwabcinmu, su ma da ƙyar. Na ga in ba mu da injin kanmu, wahala kawai muke yi. Okechukwu, makanikin nan da ke gyara mana mota, ya samo mana wani tsohon inji mai amfani da gas, ya ce zai kafa mana shi. Ka san wurin, ka san babu fili. Wurin da inji zai zauna a ƙarƙashin rufi guda ɗaya ne, wato inda tsohon tanderu yake.

Na je na durƙusa a gaban Baba na gaya masa. Ya ce da kuɗin sallamarsa na aikin kuku ya sayi tubalin nan, shi da Mama suka riƙa ɗauko yashi daga bakin rafi a ka. Ya ce in jira fulawa ta dawo. Na ce Baba, in ba ta dawo ba fa? Sai ya juya ya ƙara muryar rediyonsa. Na koma, na sake komawa, amsar ba ta canja ba. Na yi makonni ina kai da kawo, in shiga wurin aiki in tsaya ina kallon tanderun, in fita, in dawo. Abinci ma ya daina shiga. Shekari ya ce in bar shi kawai, kada in ja wa kaina bakin uba. Amma in na dubi mutanen da suka amince da ni a gindin mangwaro, sai in ga su ma iyayen wasu ne. Da Okechukwu ya ce wani yana neman injin, na je na gaya wa Baba a gaban Mama cewa ranar Litinin za a rushe. Ban yi a ɓoye ba. Na ce in ya ga na yi laifi, ya karɓi makullinsa, zan miƙa masa da hannu biyu.

Ranar Litinin da hantsi, an ɗauko guduma da diga ke nan, sai ga motar Alexander ta tsaya, ga Baba a gaba. Ashe Baba ne ya aika a kira masa Alexander tun da safe. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, yau zai tsinka ni a gaban ma'aikata. Ya sauko da sandarsa a hankali, ya zaga tanderun, ya sa hannu a cikin bakinsa ya shafa, ya daɗe a haka. Sa'an nan ya ce wa yaran ba ta nan ake farawa ba, su fara sauke bututun hayaƙi daga sama, in ba haka ba zai faɗo wa wani a ka. Ya ce tubalin ciki na wuta ne, ba a samun irinsa yanzu, a cire shi ɗaya-ɗaya a jera, zai yi amfani in sabon tanderun ya tsage. Ya sa aka kawo masa benci ya zauna, bai tashi ba har aka kai ƙasa. Da zai tafi ya ce kowa ya matso. Ya ce daga yau duk wanda ya zo gidansa gaisuwa, ƙofa a buɗe take, amma wanda ya zo da maganar aiki, ruwa kawai zai sha a mai da shi wurina. Ya shiga mota, bai dube ni ba.

Har yau bai dube ni yadda ya saba ba. In na gaishe shi yana amsawa, yana tambayar jikokinsa, amma bai ƙara ce mini yaya kasuwa ba, tambayar da a da ita ce ta farko a bakinsa. Mama ta ce in ba shi lokaci. Ina ba shi, amma abin yana ci na. Ya ba ni abin da na roƙa, ya kuma ɗauke wani abin da ban san zan rasa ba.

Injin yana aiki. Matan unguwa ma suna kawo niƙa, abin da ban yi tsammani ba, yana kuma taimakawa. Ban sallami kowa ba. Amma kada ka ɗauka mun tsira. Wasu gidaje biyu sun fara kwaikwayon biskit ɗinmu, sukari ma ya fara wuya, kuma kowace safiya da sabuwar jita-jita, yau a ce za a buɗe shigo da alkama, gobe a ce za a ƙara tsanantawa. In aka buɗe, na rushe tanderu a banza ke nan? In ba a buɗe ba, biskit kaɗai zai riƙe mu? Ban sani ba. Ma'aikata suna duban fuskata kowace safiya don su san ko akwai gobe, dole in shigo da fara'a ko da ni ma ban sani ba. Burodin da muke yi kaɗan ɗin ma ya ragu a kyau tun tafiyar Dauda, wannan ba zan musa ba. Malam Haladu ya faɗa mini, ni ma na ɗanɗana na ji.

Ga dalilin da ya sa na zauna rubuta maka duk wannan. Gidan burodin Nasarawa ya rufe, hanyar fulawarsu ta toshe. Dauda yana gida ba aiki. Matarsa Theresa ta zo ta same ni bayan sujada a coci, ba ta roƙe ni kome ba, ta dai riƙe hannuna ta ce yara suna tambayata. Da Rakiya ta ji, ta zo ta ce in dai saboda ita ne, a mai da ita naɗe leda, Dauda ya dawo, ita ba ta son a ce ta hana magidanci abinci. Na ce mata a'a. In na sauke ta yau saboda wanda ya tafi ya dawo, to na koya wa kowa cewa wanda ya tsaya a lokacin wuya shi ne wawa. Na je gidan Dauda da ƙafata. Na ce masa wurinsa yana nan, rigarsa ma tana kan ƙusar da ya bar ta. Burodi nasa ne, ba mai sa masa baki. Amma Rakiya ce za ta ci gaba da tsara lokacin tanderu, kuma ranar da babu fulawa, zai sa hannu a biskit kamar kowa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya raka ni bakin hanya. Ya ce zai jira ya ji abin da Matthew zai ce, domin ka rubuta masa cewa in ka zo Kirsimeti za ka gyara kome.

Yaya, babu abin da za ka gyara a Kirsimeti. Ka zo ka ci shinkafa, ka ga Baba, ka ga inda tanderu yake dā, in ka ga dama ka yi mini faɗa a ɗaki, zan sunkuyar da kai in ji. Amma muddin Dauda yana zaton akwai wani babba a Warri da zai zo ya juya maganata, ba zai dawo ba, yaransa kuwa ba za su iya jiran Disamba ba. Baba, da tanderun yake nasa, ya rufe wannan ƙofar duk da abin ya yi masa zafi. Saura taka. Ina roƙonka ka rubuta wa Dauda da wuri, ka gaya masa da bakin aboki cewa ya koma aiki a kan abin da na faɗa. Ina bukatar hannunsa, ina kuma kewarsa, ka gaya masa wannan ma in kana so. Abin da ba zan iya ba shi ba shi ne gidan burodin bara, domin ni ma ba ni da shi.

Ka gaishe mini da Anti Judith, ka ce na gode da atamfar da ta aiko wa Mama, ta ɗinka ta har ta sa ta ranar godiyar kaka. Ka gaishe da Albert, ka ce ya dage da karatu, da Mary da ƙaramar da ban gani ba tukuna. Mama tana gaishe ku ɗaya-ɗaya, Shekari da yara ma haka. Baba ya ce in ce maka maganin ƙafar da ka aiko ya kusa ƙarewa. Ku riƙa sa mu a addu'a, mu ma ba mu fasa ba. Allah ya haɗa fuskokinmu cikin salama.

Ina jiran amsarka, amma ka fara aika ta Dauda kafin tawa.

Ni ce ƙanwarka,
Dorcas Shekari